Yadda ake yi idan macijin kiwo ya koma cizon kansa

Ka ɗaga murfin keji ka tarar maciji ya kafa haƙora a tsakiyar jikinsa, ko ya zura wutsiyarsa a baki yana ta haɗiya kamar ya samu ɓera. Kafin tunani ya zo, hannu ya riga ya kai: a kama kai, a kama jiki, a ja. Wannan jan shi ne ɓarnar. Sau da yawa raunin da ya fi muni ba cizon ne ke yin sa ba, mai ceton ne.

Bayanin nan na macizan kiwo ne marasa dafi. Akwai ƙaramar mesa mai dunƙulewa, Python regius, wadda asalinta dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma daga Gana da Togo da Binin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Akwai macijin masara, da bowa mai kama da mesa, da kuma jinsin Lampropeltis na Amurka da masu kiwo ke kira sarkin macizai, wanda ya fi kowa suna wajen wannan ɗabi'a. Kububuwa da kasa da kumurci da gamsheƙa ba sa cikin zancen. Wanda ya ga ɗayansu yana cizon kansa ya rufe keji ya matsa, kada hannunsa ya kusanci bakin ko da wasa.

Dalilin da ya sa ba a ja

Haƙoran maciji sirara ne kamar allura, kuma duk sun lanƙwashe sun kalli maƙogwaro, irin lanƙwasar ƙugiyar kamun kifi. Jeri shida ne: huɗu a sama, biyu a ƙasa. An yi su ne don abin da ya shiga kada ya fita. Idan ka ja da baya, ƙara nutsewa suke yi, su tsaga fata a tsaye, wasu su karye su maƙale cikin nama, muƙamuƙi ma yana iya gocewa. Haƙorin da ya karye zai sake tsirowa, wannan ba abin damuwa ba ne. Guntun da ya rage a cikin nama shi ne ke zama ƙurji bayan makonni.

Saboda haka hanya biyu ce kawai: ko macijin ya saki da kansa, ko a tura kansa gaba kaɗan yadda ƙugiyoyin za su zare, sannan a ɗaga.

Raba shi da jikinsa

Fara da kashe duk abin da ke ba da zafi, fitila ce ko tabarmar ɗumi. Fito da macijin gaba ɗayansa da hannu biyu, ka tallafe inda ya ciza don nauyin jikinsa kada ya ja wurin. Ajiye shi cikin roba mai faɗi ko a kan tayil. Idan babba ne, wanda ya haura mita biyu, kada ka yi aikin kai kaɗai.

Sai ka bi waɗannan, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Kowanne ka ba shi minti ɗaya ko biyu kafin ka wuce.

1. Ɗan ƙwanƙwasa masa kan hanci a hankali da bayan cokalin roba ko da yatsa. Macizai ba sa son a taɓa musu nan. A 2019 wani sarkin macizai a wata cibiyar ceton dabbobi masu jan ciki da ke jihar Pennsylvania ta Amurka ya haɗiye wani babban sashe na jikinsa, bidiyon ya zagaya duniya, kuma da wannan ƙwanƙwasar mai kula da shi ya fara, har macijin ya dawo da abin da ya haɗiya.

2. Zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a ka da wuya, kamar ruwan randa, wajen digiri 24 zuwa 26. Ban da ruwan firij, ban da ƙanƙara. Siririn zubi ake so, daga bayan kai yana gangarowa, kan yana kallon ƙasa. Ƙofar numfashin maciji tana ƙasan bakinsa ne daga gaba, kuma ba ya iya tari, don haka ruwan da ya shiga nan huhu ya nufa. Kada ka nutsa kan cikin bokiti.

3. Idan bai saki ba, ɗiga sifirit ko sanitaiza ɗigo ɗaya a kan tsinken auduga, ka kusanta shi da hancin. In warin bai isa ba, ka shafa kaɗan a gefen leɓe. Ɗigo ɗaya, a leɓe, ba cikin baki ba, ba kan rauni ba, ba kusa da ido ba. Yawancinsu nan take suke buɗe baki su ja da baya. Da ya saki, goge leɓen da ruwa.

4. Na ƙarshe shi ne kati. Ɗauki tsohon katin ATM ko wata roba mai laushin baki, ka wanke. Riƙe bayan kan da babban yatsa da manuni, riƙon da zai hana juyawa, ba shaƙewa ba. Tura kan gaba kaɗan, ka zura katin tsakanin haƙoran sama da fata, ka zare gefe ɗaya, sannan ɗayan, domin ɓangarorin muƙamuƙin maciji kowanne da tafiyarsa. In na sama ya fita, na ƙasa ba ya wuya. Ƙarfe ba ya shiga wannan aiki, ko wuƙa ko sukudireba.

Wanda ya haɗiye wutsiya da nisa, kada a zaro masa. A bar shi ya amayo ta da kansa, kai dai tallafa kake yi. Idan ya kai minti ashirin bai saki ba, ko abin da ya haɗiya ya yi tsawo, sai likitan dabbobi, wanda zai iya ba shi maganin barci ya buɗe bakin ba tare da tsaga ba. Jinkiri a nan yana da haɗari, don ruwan cikin maciji yana narkar da ƙashin ɓera, kuma bai san wutsiyar maigidansa ba.

Da zarar ya saki, kada ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Sau da yawa yana juyawa ya sake kamawa. Juya rigar matashi ciki ya koma waje saboda zaren ɗinki, ka saka shi, ka ɗaure bakin, ka ajiye a wuri mai duhu da shiru, mai zafin digiri 25 zuwa 27, na kamar awa ɗaya. Duhu da matsi suna kwantar wa maciji hankali fiye da komai. Kai kuma ka wanke hannu da sabulu, don macizai kan ɗauki ƙwayar salmonela a jikinsu.

Wanke raunin

Duba wurin da fitila mai haske. Cizon da ba a ja ba yakan bar ƙananan huji a jere kamar baka, da ɗan jini. Shafa yatsa a hankali a bi da kwanciyar ɓawon fata, in ka ji abu mai tsini, haƙori ne, cire shi da hantsaki a bi da lanƙwasarsa.

A wanke da ruwan gishiri na asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishiri giram 9, a bari ya huce. A zuƙa da sirinji mara allura a fesa a raunin sau uku ko huɗu. Bayan nan sai aidin irin na Betadine, a sirka kashi ɗaya da ruwa kashi tara ko goma, har launinsa ya koma kamar shayi mara kauri. A jiƙa auduga a dangwala, sau ɗaya ko biyu a rana, kwana biyar zuwa bakwai. Idan fata ta ɗan saluɓe, man ƙuna na silver sulfadiazine mai kashi 1 cikin ɗari, wanda ake samu a kemis, yana da kyau, a shafa siriri.

Abubuwan da ke cikin gida waɗanda hannu ke saurin kaiwa gare su, yawancinsu ba su dace ba. Dettol da Izal suna da sinadarin da ke yi wa dabbobi masu jan ciki illa. Haidurojin mai kumfa yana kashe sabon naman da ke tsirowa. Man shafawa mai maganin kashe zafi a ciki, a bar shi. Man ja, man gyaɗa, toka, bakin mai, duk babu. Filasta da salatef kuwa haramun ne a jikin maciji da cikin kejinsa, don in sun manne da ɓawo suke fita, wani lokaci har da fata.

Sai a shirya masa ɗakin jinya: roba mai murfi da hujojin iska, a shimfiɗa farar takarda ko jarida, maɓoya biyu, ƙaramin kwanon ruwa. A kwashe garin katako, ƙasa, ɓawon itace da duk abin da zai manne a rauni. Ana canza takardar kullum, ko da zarar ya ɓata ta. Zafin wurin ya tsaya daidai yadda jinsinsa ke so, domin garkuwar jikin maciji da ɗumi take aiki. Wanda aka bari cikin sanyi rauninsa ba ya warkewa.

Kada a ba shi abinci sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. Wanda ya haɗiye wutsiya ya amayo, a jira kwana 10 zuwa 14, sannan a fara da ɓeran da bai kai wanda ya saba ci ba.

Raunin maciji ba ya sauri. Ƙananan huji sukan ɓace bayan saɓa ɗaya ko biyu, kuma za ka ga yana saɓa akai-akai fiye da da, wannan alamar gyara ce. Abin da ake tsoro shi ne kumburi mai tauri, ja ko baƙi yana yaɗuwa, wari, ko jan tabo a ɓawon ciki. Mugunyar maciji ba ruwa ba ce, dunƙulalliya ce kamar cuku, matsawa ba ta fitar da ita, sai an tsaga.

Neman dalili: a fara da ma'aunin zafi

Maciji mai lafiya a keji mai kyau ba ya cin kansa. Cizon alama ce, kuma in ba a gano abin da ya jawo shi ba, za a sake. Mutane sukan yi saurin cewa yunwa ce su ƙara masa ɓera. A ajiye wannan tukuna. Abin da ake fara aunawa zafi ne, tun kafin kejin ya huce.

Maciji ba ya zufa, ba ya haki irin na kare. Dabararsa ɗaya ce: in wuri ya yi zafi ya koma mai sanyi. A dawa mesa mai dunƙulewa tana wuni cikin ramin gafiya ko cikin suri, inda rana ba ta kaiwa. A keji kuwa iyakarta bango huɗu. Idan ko'ina ya ɗauki zafi, sai ta fara zagaye ba tsayawa, tana goga hanci a murfi, tana kwanciya cikin kwanon ruwa, tana buɗe baki. In abin ya ci gaba ƙwaƙwalwa ta rikice, ta fara murɗewa, tana saran iska, tana saran duk abin da ya motsa, har da jikinta.

Ga abin da ake nema. Mesa mai dunƙulewa: gefen ɗumi digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi 24 zuwa 27, danshi kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari. Macijin masara da sarkin macizai: gefen ɗumi 29 zuwa 31, gefen sanyi 22 zuwa 25, danshi 40 zuwa 60. Duk kejin da gefen sanyinsa ya haura 32 ya zama tarko, in ko'ina ya kai 35 kuwa ana maganar rai ne.

Yadda ake aunawa yana da muhimmanci. Ma'aunin nan mai allura da ake mannawa a gilashi iskar sama yake aunawa, kuma ba ya cika faɗin gaskiya. Maciji a ƙasa yake kwance. A samu ma'auni mai lamba da waya guda biyu, ɗaya a cikin maɓoyar gefen ɗumi, ɗaya a ta gefen sanyi. A ƙara da bindigar auna zafi, a ture shimfiɗa a auna gindin kejin kai tsaye, don nan macijin ke tonawa ya kwanta. A auna da asuba, da azahar, da dare, kwana uku a jere. Tabarmar ɗumi da aka jona kai tsaye a soket ba tare da na'urar daidaita zafi ba tana iya wuce digiri 45. Duk abin ɗumi sai ya bi ta wannan na'ura, kuma a duba ko harshenta, wato kan wayar da ke jin zafin, bai zame daga inda aka ɗaure shi ba, don in ya zame ya koma gefe, na'urar za ta ɗauka wurin da sanyi ta yi ta ba da wuta. Dutsen ɗumi mai lantarki a jefar da shi, ƙona ciki yake yi.

Shawarwarin kiwon maciji da ke intanet yawanci daga ƙasashen sanyi suke, inda damuwarsu ita ce yadda za a ɗumama. Mai kiwo a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi damuwarsa akasin haka ce. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, kuma kejin gilashi da rana ta faɗo masa ta taga ko na rabin awa ya zama tanda. A irin wannan lokaci a cire duk abin ɗumi, a sauke kejin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon yamma. A sa tayil ko kaskon ƙasa da aka jiƙa a matsayin maɓoya. A daskarar da ruwa a gora, a naɗe da tawul, a jingina a jikin kejin daga waje a gefe ɗaya, a riƙa canzawa. Fanka ita kaɗai ba ta sanyaya maciji, tunda ba shi da zufar da za ta bushe, sai an rataya jiƙaƙƙen buhu ko tawul a gabanta. Wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki ya tanadi gorunan ƙanƙara don ranar da aka ɗauke wuta.

Macijin da zafi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa yana iya warwarewa cikin kwanaki, wani kuma karkatar kai da rawar jiki su zauna masa.

Warin abinci

Idan zafi daidai yake, tambaya ta gaba ita ce: yaushe abin ya faru? In lokacin ciyarwa ne ko jim kaɗan bayansa, to kuskuren farauta ne. Maciji da harshe yake shinshina, yana ɗauko wari ya kai wasu ramuka biyu a rufin bakinsa. Mesa kuma tana da ƙananan ramuka a leɓe masu jin ɗumi. Idan ruwan ɓeran da aka narkar ya ɗiga a bayansa, ko ka taɓa ɓera sannan ka taɓa shi, jikinsa ya zama abinci a wurinsa. Sarkin macizai ya fi faɗawa wannan, domin a dawa macizai yake ci. Wutsiya mai motsi da warin maciji, a ganinsa kalaci ne, ko da tasa ce. Shi ya sa ba a haɗa shi keji ɗaya da kowa, kuma in kana da macizai da yawa, shi za ka fara taɓawa kafin sauran, ko ka wanke hannu sosai a tsakani.

Gyaran ba wuya. A narkar da ɓera cikin leda a ruwan ɗumi har cikinsa ya yi laushi, a ɗumama shi ya kai wajen digiri 37 zuwa 40, a tsane shi da takarda ya bushe. A miƙa da dogon hantsaki mai santimita 30, a gaban hancin macijin, a sararin da babu jikinsa a bayan ɓeran, yadda in ya kai sara ya kuskure iska zai samu. Kada a yi ta kaɗa ɓeran a kan macijin da ke naɗe. In jini ko ruwa ya zuba a shimfiɗa a kwashe wurin. Kada a narkar da ɓera a ɗakin da kejin yake awanni kafin ciyarwa, warin yana tayar musu da hankali. Bayan ya ci, a bar shi awa 48 ba taɓawa.

Sai a duba ko abincin yana isarsa. Kaurin ɓera ya yi daidai da inda jikin macijin ya fi kauri, ko ya ɗara kaɗan. Ƙanana suna ci duk kwana 5 zuwa 7, manya duk kwana 10 zuwa 14, babbar mesa ma takan kai mako uku. A riƙa auna nauyinsa da sikelin kicin sau ɗaya a wata ana rubutawa. Wanda ƙashin bayansa ya fito kamar tsinin rufin ɗaki ya rame. Wanda yake ci yana ramewa, a kai kashinsa a duba tsutsar ciki. Ɓera mai rai kuma ba a barinsa a keji ba tare da tsaro ba, yana cizon maciji, kuma ciwon da ya bari na iya zama inda macijin zai koma yana sara.

Saɓa da ƙuma

Kafin saɓa fata takan dushe, ido ya yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba madara, kwana uku ko huɗu, sannan ya washe, bayan wasu kwanaki saɓar ta fita. Duka yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. A kwanakin shuɗin ido maciji kusan makaho ne, kuma a tsorace yake. Ba a ciyar da shi, ba a ɗaukarsa. A ɗaga danshi zuwa kashi 70 ko 80 ga mesa, a sa masa roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tawul a ciki. Da hunturu, lokacin da iska ke bushewa har leɓe na tsagewa, wannan roba dole ce, kuma a rufe rabin ragar murfin don danshi ya zauna.

Saɓar da ta maƙale takan ɗaure ƙarshen wutsiya kamar zobe, ta hana jini zuwa, wurin ya yi zafi, macijin ya koma yana kai masa baki. A jiƙa shi a ruwa mai digiri 27 zuwa 29, zurfin da bai wuce rabin kaurin jikinsa ba, minti 15 zuwa 20, kana tsaye a kansa. Sannan ka bar shi ya ratsa ta cikin jiƙaƙƙen tawul a hannunka. Wadda ta maƙale a ido ba a ɓanɓare ta da farce ko hantsaki.

Ƙumar maciji, Ophionyssus natricis, girmanta wajen milimita ɗaya ne. Nemi baƙaƙen ɗigo masu motsi a kewayen ido, da tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, da bakin dubura, da gindin kwanon ruwa kamar an barbaɗa masoro. Shafa jiƙaƙƙiyar farar takarda a jikinsa ka duba. Tana shan jini, tana hana shi sakat, kuma a lungunan keji take ƙwai, ba a jikinsa ba. Rayuwarta daga ƙwai zuwa babba mako biyu ne zuwa uku, don haka wanki ɗaya ba ya gamawa da ita. A zubar da shimfiɗa da duk katakon ciki, a wanke keji da ruwan zafi da bilic da aka sirka, a ɗauraye a shanya, a koma farar takarda, a maimaita duk mako har mako shida. Maganin da za a sa wa macijin kansa likita ne zai faɗi iri da adadi.

A nan ne ake yawan kashe maciji da kyakkyawar niyya. Fiya-fiya, Sniper, maganin sauro na fesawa da na kunnawa, duk suna taɓa jijiyoyin maciji: rawar jiki, murɗewa, kifewa, cizon kai. Ko ba a fesa a kejin ba, fesawa a ɗakin ya isa. Idan cizon ya zo washegarin da aka yi feshi, ko aka yi sabon fenti, ko aka canza shimfiɗa zuwa garin katako mai ƙamshi irin na itacen sida ko fain, ka samu bakin zaren. A fitar da shi zuwa iska mai kyau, a ɗauraye jikinsa da ruwa zalla, a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu.

Idan wuri ɗaya yake ta sara

Macijin da ke komawa wuri guda kullum yana nuna maka inda ke masa ciwo ne. Juya shi ka duba ciki: ƙuna takan fara da ja, sannan ƙuraje masu ruwa, sannan ɓawo ya yi ruwan ƙasa. Shimfiɗa mai jiƙe da ƙazanta tana ruɓar da ɓawon ciki. Bi jikin da yatsu a hankali daga wuya zuwa wutsiya kana neman dunƙule. Kumburi a kashi na uku na ƙarshen jiki yana iya zama bayan gida da ya taurare ya toshe, ko ƙwai da ya maƙale wa mace, kuma mace tana yin ƙwai ko ba namiji. Kada a matsa don a fitar. Hoton asibiti ne ke bambancewa.

Akwai gwaji mai sauƙi na jijiya. Kwantar da shi rigingine a hankali ka saki. Mai lafiya nan take yake juyawa. Wanda ya daɗe a haka, ko yake ɗaga kai yana kallon sama ba dalili, ko yake murɗewa kamar igiya, matsalarsa ta wuce gyaran keji. A mesa da bowa ana tsoron wata cuta da a 2012 aka danganta ta da ƙwayar bairos ta dangin arena. Ba ta da magani, ana zargin ƙuma da yaɗa ta, bowa na iya ɗauke da ita tsawon lokaci ba alama, mesa kuwa takan faɗi da sauri. Irin wannan maciji a ware shi a wani ɗaki da kayan aikinsa daban. Duk sabon maciji ma a killace shi kwana 60 zuwa 90 kafin ya kusanci sauran. Mesa mai dunƙulewa mai zanen gizo-gizo, wadda masu kiwo suka yawaita saboda kyan fata, da rawar kai ake haifarta, tana yawan kuskure sara ta kama jikinta. Wannan gado ne, ba ya warkewa, sai dai a riƙa miƙa mata abinci dab da baki, a tsaye cak. Masu cin kifi kuma, irin jinsin Thamnophis, in aka dage musu da kifin da ke lalata bitamin B1, sukan yi farfaɗiya.

In duk waɗannan babu, saura takura. Tsawon keji ya kai tsawon macijin, babbar mesa mai dunƙulewa tana son santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi. Maɓoya biyu, ɗaya kowane gefe, matsattsu yadda jikinsa zai taɓa bango. A rufe gefe uku na gilashi da takarda. A nisanta shi da sifika, janareta, kyanwa, da yara masu ƙwanƙwasa gilashi. A daina ɗaukarsa mako biyu cur.

Zuwa wurin likita

A tafi a ranar idan jini bai tsaya ba bayan minti goma ana dannawa da auduga, ko fata ta tsage har ana ganin nama, ko muƙamuƙi ya karkace, ko yana numfashi da baki a buɗe da kumfa, ko ya kasa juyawa, ko ya sake cizon kansa bayan an gyara zafi. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da maciji ba, don haka a yi waya a tambaya kafin a kama hanya. A arewacin Najeriya asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, nan ne wurin fara tambaya.

A ɗauke shi cikin rigar matashi a ɗaure, a cikin kwali ko kula mai hujin iska, ba a but ɗin mota ba, ba inda rana ke bugawa ba. A tafi da bidiyon abin da ya yi in an samu ɗauka, da hoton kejin, da lambobin zafi na kwanakin nan, da ranar cinsa na ƙarshe, da ranar saɓarsa, da sabon kashinsa a leda. Kada a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta a gida da kintace. Jikin maciji a hankali yake sarrafa magani, wasu alluran ma duk bayan awa 72 ake yin su, kuma da nauyinsa na giram ake lissafi. Idan an yi ɗinki, zaren yakan zauna mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye, kuma yana kan farar takarda har sai an cire zaren ya kuma yi saɓa ɗaya cikakkiya, sannan a mayar masa da shimfiɗarsa ta da.